Wanda Za A Nema

Karo na uku ke nan shafin jami'ar yana rufewa ana tsaka da cike fom ɗin. Muhibba ta ja tsaki, ta sake danna kwamfutar. Shagonta na kwamfuta da ke bakin titin Mararaba ya ɗau zafi, ga ƙarar janareton mai aski, ga hon ɗin motocin da suka cushe a hanyar Keffi.

"Anti, sai haƙuri, netwok ne. Jibi za a rufe, shi ya sa kowa ya taru a kai."

Anti Christina tana zaune a kan benci, ta rungume jakar takardunta, hannu ɗaya dafe da ƙeya. Shekara shida suna haya a gida ɗaya, ƙofa na kallon ƙofa, amma Muhibba ba ta taɓa ganin ta yi shiru haka ba.

Shekarun Anti Christina arba'in da bakwai. Ashirin da biyu daga ciki ta yi su ne tana masinja a wata ma'aikatar gwamnati a cikin gari, tana ɗaukar fayil daga wannan ofis zuwa wancan. Yaran da ta nuna wa hanyar ofisoshinsu ranar da suka kama aiki, yanzu su ke aiken ta. Bara ta sake rubuta jarrabawar sakandare, bana ta rubuta ta shiga jami'a. Da jerin sunayen farko ya fito, babu nata, don makinta bai kai na karatun lauya ba. Sai ga shi an buɗe fom na ƙari, na cike guraben da suka rage, ga duk wanda ya yarda ya sauya kwas.

Shafin ya dawo. Muhibba ta juyo da fuskar kwamfutar wajenta.

"Ga waɗanda suka rage, ki zaɓa."

"Karanta mini, ƙanwata. Rubutun yana rabuwa biyu."

Muhibba ta dube ta, sannan ta karanta: Tarihi, Falsafa, Aikin Laburare.

"Sa na laburare. Takarda dai na san ta." Ta yi murmushi, amma gefe ɗaya kawai na bakinta ya motsa. Biron da ke hannunta na hagu ya faɗi ƙasa, ba ta ma waiwaye shi ba.

"Saura gurbi ɗaya a fom ɗin," in ji Muhibba. "Wanda za a nema in wani abu ya faru. In sa Oga Edward?"

Edward shi ne yayan Anti Christina, tsohon gandiroba, yana zaune a Kuje, kuma shi kaɗai ya rage mata.

"A'a, kar ki sa shi. Bai sani ba. In ya ji zai ce tsohuwa ta haukace, za ta zauna aji da jikokinta. Bari sai na samu tukuna. Sa sunanki."

"To, dangantaka fa? Suna tambaya."

"Rubuta ƙanwa."

Muhibba ta ɗan dakata da yatsu a kan haruffan, sannan ta rubuta. Firinta ta fito da takarda biyu masu ɗumi. A ƙasa an ce mai nema ya kawo su da kansa kafin ƙarfe huɗun ranar Juma'a, don za a ɗauki hoton yatsansa.

Ranar Alhamis da la'asar Muhibba ta dawo gida ta tarar da tsakar gidan ya cika da ƙauri. Wake ne ya ƙone ƙurmus a kan risho a ƙofar ɗakin Anti Christina. Ita kuwa tana ciki a tsaye da dutsen guga a hannu, tana kallon bango.

"Anti! Ba ki ji ƙauri ba?"

"Wane ƙauri?"

Da ƙyar Muhibba ta ja ta zuwa kemis ɗin layinsu. Mai kemis ya ɗaura mata awon jini, ya duba, ya kwance, ya sake ɗaurawa a ɗaya hannun. Bai faɗi abin da ya gani ba.

"Madam, wannan ba na kemis ba ne. Asibiti, yanzu."

"In na je za su kwantar da ni."

"Shi ake so ai."

"Asabar zan je. Na rantse, Asabar da safe."

A hanyar komawa Muhibba ta yi magiya, ta yi faɗa, har ta ce za ta kira Kuje. Anti Christina ta tsaya cak, ta riƙe mata hannu. Hannun sanyi ƙalau, kuma babu ƙarfi a riƙon.

"Shekara ashirin da biyu nake kai takardun mutane," ta ce a hankali. "Wannan tawa ce. Ki bar ni in kai ta."

Muhibba ba ta kira Kuje ba.

Juma'a da asuba, tana kan darduma, ta ji an datse kwaɗo a ƙofar da ke kallon tata, sai takun takalmi, ƙafa ɗaya tana ɗan jan ƙasa. Kafin ta sallame an rufe ƙofar gida.

Ranar shagon ya cika maƙil da 'yan makaranta masu rige-rigen cike fom kafin ƙarfe huɗu. Hadari ya haɗu ta gabas tun hantsi, ya ƙi zuba, ya ƙi washewa. Ƙarfe goma ta kira wayar Anti Christina, ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Sha biyu ma haka. Ana kiran sallar Juma'a wata baƙuwar lamba ta shigo.

"Ke ce Muhibba Badaru? Ƙanwar Christina?"

Ta buɗe baki za ta gyara, sai ta ji kanta ta ce, "Ni ce."

"Daga asibiti ne. Lambarki muka gani a takardar da ke hannunta. Ki zo."

"Tana magana?"

"Ki zo dai."

A layin jami'ar Anti Christina ta faɗi, saura mutum tara ta kai tagar da ake karɓa. Wasu iyaye da suka rako 'ya'yansu ne suka sa ta a mota, amma kafin a iso rai ya yi halinsa. Nas ɗin da ta yi bayani ta dubi hijabin Muhibba, ta dubi fom ɗin, ba ta yi tambaya ba, ta miƙa mata jakar. Takardun biyu suna nan, babu hatimi a ko ɗaya, gefensu ya yamutse inda yatsu suka damƙe. Agogon bango ya nuna uku da kwata. Muhibba ta tsinci kanta tana lissafin ko ɗan acaba zai kai ta jami'ar kafin huɗu. Sai a nan kukan ya zo.

Edward ya iso gab da magariba, dogon tsoho mai furfura. Ya daɗe a tsaye yana karanta fom ɗin, yana bin layi da yatsa.

"Jami'a? Christy?" Yatsan ya sauka kan gurbin ƙarshe, ya tsaya. "Tun yaushe ba ta da lafiya?"

"Tun Laraba na lura, Baba."

"Kuma kina da lambata."

"Ina da ita."

Ya ninke takardar sau biyu, ya miƙa mata, ya bi nas ɗin ciki.

Litinin, ƙarfe shida saura, Muhibba tana wanke-wanke a tsakar gida ta ji Keke Napep ya tsaya a waje. Kure ne, mai keken da ke kai Anti Christina tashar mota duk ranar aiki. Babu wanda ya tuna ya gaya masa. Ya danna hon sau biyu, gajere, don kada ya tashi masu barci. Muhibba ta je har bakin ƙofa da kumfa a hannu, ta tsaya. Ta kafar ƙyauren tana hango shi ya fito da tsumma yana goge raɓar da ta kwanta a kujerar baya.