Faifan da Rahina ke Ciki

"Fiddo shi ka goge da gefen riga," in ji Mudassir daga kan katifa. "Daga tsakiya zuwa baki, kada ka zagaya."

Jibrilla ya danna, na'urar dibidi ta turo faifan waje. Ya hura masa iska, ya goge yadda aka ce, ya mayar. Na'urar ta yi gurnani, ta yi ƙas-ƙas, sai tele ta kawo ƙofar wani gida da mata cike da zaure, kalangu na tashi. Safina, 'yar Mudassir mai shekara goma sha huɗu, ta matso har gwiwarta na taɓa tebur. Wata farar mota ta tsaya, aka buɗe ƙofa, ƙafar amarya ta sauko jajir da lalle. Daga nan hoton ya tsaya cak. Fuskokin matan suka farfashe suka zama 'yan gutsattsarin kore da ja, kiɗan ya maƙale wuri ɗaya yana ta-ta-ta, sannan tele ta koma shuɗiya.

"Kawo na gaba."

"Wanga shi ne na ƙarshe, maƙwabci."

Mudassir ya juya fuskarsa bango. Safina ta ɗauki buta ta fita, ko da yake ba wanda ya aike ta ruwa.

Jibrilla tela ne, katanga ɗaya ta raba gidansa da na Mudassir a Gazawa tun suna samari. Da idonsa ya ga lokacin da ba a biki ko suna a garin sai an kira Mudassir mai bidiyo, har Gangara da ƙauyukan bakin iyaka ana zuwa ɗaukarsa a moto, wato babur, kamara a kafaɗa. Da idonsa kuma ya ga salula ta zo ta kashe sana'ar, kowane yaro ya zama mai ɗaukar hoto. Yanzu ga shi ciwon hanta ya kwantar da shi, ciki ya kumbura, idanu sun yi ɗorawa. A asibitin Maradi an ce a mai da shi gida a ci gaba da addu'a, kowa kuwa ya san ma'anar wannan.

Abu ɗaya ya roƙa tun da aka dawo da shi: a nuna wa Safina uwarta. Rahina ta rasu wurin haihuwar yarinyar, Kadi matar Jibrilla ce ta shayar da ita. Duk abin da Safina ta sani na uwarta hoton katin shaida ne, ƙarami, wanda ya koɗe. Mudassir kuwa yana da faifan aurensu, yana da wanda ya ɗauki Rahina tana daka da tsohon ciki tana yi masa tsiya. Bai taɓa iya kallonsu ba tun da aka binne ta. Kullum sai ya ce in yarinya ta girma.

"Ɗaga shi ga hasken taga ka gani," ya ce, ba tare da ya juyo ba.

Jibrilla ya ɗaga. Hasken rana ya ratsa faifan ta wasu 'yan ƙananan huji kamar na rariya. Daga gefe azurfar ta fara ɓarewa, ruwan shuɗin da ke ƙasa ya yi dabbare-dabbare.

"Na mutane ban taɓa sa masu irin wanga ba," in ji Mudassir. "Na mutane Maradi nika tahiya in sawo masu suna, masu kauri, kowane da gidanshi. In ɗora a hankali, in zauna in kalle shi tun daga farko har ƙarshe kafin in miƙa ma mai shi. Nawa kau, na cikin leda ne, waɗanda aka jibgowa daga ƙetare, ko suna babu. Na ce ai na ajiya ne kawai. Na ɗora da gudu, ordinatar, kwamfutar nan tawa, ta ce ta gama, na yarda da ita. Washegari na goge kaset ɗin na tahi sunan ɗan wani."

"Ba ka yi kwafi uku ba?"

"Duk daga leda guda suka fito. Akwati guda suka kwana, ƙarƙashin kwanon ga, shekara da shekaru suna dahuwa."

Ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari.

Kadi ce ta kawo shawarar, tana tuƙa tuwo, da Jibrilla ya ba ta labari.

"Malam, Rahina fa ba ta da zama. Shekarar da aka kawo ta, wane biki aka yi a unguwar ga ba ta je ba? In nashi sun lalace, na mutane ai suna nan. Ba a rasa ta cikin wani."

Jibrilla ya rufe keken ɗinkinsa da zane, ga kayan mutane jibge, ya shiga gari.

Gidan Alhaji Tsoho mai hatsi ya fara zuwa, wanda Mudassir ya ɗauki auren 'ya'yansa mata kaf. Alhaji yana zaune a zaure yana latsa salula.

"Faifai? Wa ke kallon faifai yanzu, Jibrilla? Tambayi yara, ina ji sun kai gona."

Gaskiya ya faɗa. Gero ya fara nuna, a gonar Alhaji ta bayan gari ga faya-fayen nan an huda an ɗaura da zare a kan kara, suna juyi suna walƙiya don korar tsuntsaye. Jibrilla ya kamo ɗaya. Rubutun Mudassir na nan da baƙar tawada, sunan amarya da shekara, amma bayan ya sha rana da yashi har ya yi fari.

A wani gida yara sun yi tayar mota da nasu. Wata mata ta ce ranar da aka sake ta ta karya nata gida biyu, kuma da za ta samu wani da ta ƙara. Wani direban taksi da ya manna nasa a madubi don ado ya tsaya ya dubi Jibrilla.

"Mudassir mai bidiyo? Ashe shina da rai?"

Kowa ya ce Allah ya ba shi lafiya, kowa ya ce zai leƙo. Jibrilla yana komawa gida ya tarar da tabarmar da Safina ta shimfiɗa wa masu dubiya ba wanda ya taka ta sai kaji. 'Yan faya-fayen da ya samo masu lafiya kuwa suka tashi tas, launi kamar jiya aka ɗauka. Suka zauna suna bin fuskokin matan biki ɗaya bayan ɗaya, Mudassir yana ɗago kai da ƙyar. Wasu sun mutu, wasu sun tsufa. Rahina dai ba ta ciki.

Ran Laraba da safe Mudassir ya kira shi ta kan katanga da muryar da sai an kasa kunne.

"Jaye," ya ce. "Bafillatanin da matarshi ke kawo mamu nono. Na ɗauki sunan ɗansu a rugga, gabas da Gangara. Rahina ta bi ni, ita ta riƙe mani jaka."

"Yau zan tahi."

"In ka iske ya jefar, kada ka dawo ka faɗa mani. Ka ce ba ka same shi ba."

Jibrilla ya hau moton haya, kabu-kabu. Hanya duk taɓo, sai sun sauka sun tura. A Gangara aka nuna masu wata 'yar turba tsakanin gonaki, suka bi har suka fara jin kukan maruƙa. Jaye dogo ne, ya manyanta, ya tarbe su da ƙwaryar kindirmo. Da ya ji abin da ya kawo su sai ya ajiye sandarsa.

"Mudassiru ba lafiya? Subhanallahi. Ba wanda ya gaya mana."

Ya kira matarsa da Fulatanci. Ta shiga bukka ta sauke jeren ƙorenta ɗaya bayan ɗaya, daga ta can ƙasa ta ciro wani ƙunshi na baƙin saƙi. Faifan na ciki, a gidansa na roba, ko ƙwarzane babu.

"Sau ɗaya muka kalla, a shagonshi," in ji Jaye. "Mu ba tele gare mu ba. Amma mutum ya yi maka abu da kyau, ba ka yar da shi. Kai mashi. Jibi ina tahe da kaina."

Suna juyowa hadari ya haɗo daga gabas. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, koramar da suka ƙetare da safe ta cika ta batse. Mai kabu-kabu ya ce ko za a yanka shi ba zai sa moto cikin wannan ruwa ba. Suka fake ƙarƙashin wani gawo, Jibrilla ya cusa ƙunshin cikin riga yana tare shi da hannu, yana kallon ruwa na wucewa da karare da matacciyar akuya. Salularsa ba ta kama komai a wurin. Sai bayan la'asar ruwan ya janye.

Tun daga bakin lungu ya hango tabarmi a ƙofar gida, da takalma birjik. Bai tambayi kowa ba. Ya tsaya, laka har gwiwa, hannunsa a ƙirji.

Kadi ta same shi a zaure, idanunta jajur.

"Da azahar ne. Shina ta tambaya ko an ji ƙarar moto. Duk wadda ta wuce sai shi ce ma Safina ta leƙa."

An riga an yi wanka, an sa likkafani. Da aka fito da shi, Jibrilla ya ga jama'ar da bai taɓa zato ba, sahu har bakin titi. Alhaji Tsoho na gaba, yana gaya wa na kusa da shi cewa marigayi mutumin kirki ne, aikinsa ba algus. Direban taksin nan ma yana ciki, har da kama makara. Jibrilla ya bi sallar a sahun baya, ƙunshin saƙi na manne da cikinsa.

Rabilu, yayan marigayin, ya iso daga Agye da yamma. Rabonsa da gidan tun kafin ciwo ya tsananta. Bayan gaisuwa, abin da ya fara tambaya shi ne ina kamara, kuma ordinatar tana aiki ko ta mutu. Ya ce ran sadakar uku zai tafi da Safina wurin iyalinsa, kayan wuta kuma akwai wanda ya yi magana da shi a kasuwa. Faya-fayen cikin akwati ya zube su bayan ɗaki don yana son akwatin.

Kwana biyu gidan cike da mata masu zaman makoki, ba halin kunna tele. Rana ta uku, da aka shafa fatiha aka raba waina, Jaye ya iso da gorar nono a hannu, a nan ƙofar gida ya ji rasuwar. Ya tsuguna ya yi ta'aziyya. Taksi ta zo ta tsaya a bakin lungu, Rabilu ya fara fitar da kaya.

"Yaya Rabilu, bar mani tele ɗin ga na ɗan lokaci," in ji Jibrilla.

"Gidan mutuwa za a yi kallo?"

"Wasiyya ce."

Rabilu ya yi tsaki, ya ɗauki katifa ya fita da ita.

Allah ya sa akwai kuran, ba a ɗauke wutar ba. Jibrilla ya kira Safina da Kadi, ya kwance saƙin, ya sa faifan. Na'urar ba ta yi ko gurnani ba. Rugga ta fito tas, ciyawa kore shar, shanu jajaye, Jaye da baƙin gemu yana riƙe da rago. Aka nuna dattawa, aka nuna mai jego, aka nuna ƙore cike da nono. Safina ta zauna a dandaryar ƙasa inda katifar take a da, ba ta ko ƙifta ido.

Kadi ce ta fara dafe baki.

"Ga ta nan. Mai shuɗin zanen."

Wata siririyar mace ta ratso ta gefen hoton, ta ba kamara baya, baƙar jaka a kafaɗa, tana ɗage zane saboda raɓa. Sai wata murya ta tashi daga bayan kamara, kusa ƙwarai, muryar saurayi mai lafiya.

"Rahina, juyo mana."

Safina ta zabura, ta waiwaya ƙofa, sannan ta komo da ido kan tele.

"Bar ni, ka yi aikin mutane," in ji matar, tana dariya. Ta ɗan karkato kai, aka ga kunci da ɗan kunne da gefen haƙori. Nan take kamarar ta bar ta, ta koma kan Jaye da ragonsa. Suka kalli sauran har ƙarshe, ba ta sake fitowa ba.

"Baba Jibrilla, mayar."

Ya mayar. Matar ta ratso, muryar ta kira ta, ta karkato kai, kamara ta tafi.

"Mayar."

Daga waje direba ya danna oda. Rabilu ya leƙo, gumi na zuba.

"Haba, Jibrilla, rana na yi. Ke Safina, tashi ki ɗauko kayanki."

Jibrilla ya fiddo faifan ya sa a gidansa. Ya dubi Jaye da ke tsaye bakin ƙofa, Jaye ya nuna yarinyar da haɓa. Sai ya naɗe shi cikin saƙin ya ɗora mata a cinya. Rabilu ya zare waya daga bango, ya rungumi na'urar ya fita, ya ce yanzu zai dawo ya ɗauki tele.

Safina ba ta tashi ba. Ta dafe ƙunshin da hannu biyu, tana fuskantar baƙin gilashin, inda ba abin da ya rage sai inuwarta da hasken ƙofa a bayanta.