Ramin Ciyawar Malam

Saniya ɗaya maigidana Malam ya bar mini da ya rasu. 'Yan'uwansa suka ce a kai ta ruga, wai mace ba ta iya riƙon saniya a unguwarmu Ƙofar Wambai da rani. Na ce su bar mini abata, ai na ga yadda yake tanadar mata abincin rani.

Na gani kuwa. Kowace shekara, tun masara na da sauran ɗanyenta, sai ya sare, ya yayyanka ƙanana kamar gaɓar yatsa, ya zuba a ramin bayan gida. Sai ya cire takalmi ya shiga yana tattakawa, yana 'yan waƙe-waƙensa da Fulatanci. Ni kuma ina bakin rami ina faɗa, wane irin mutum ne zai taka abinci da ƙafa? Dariya kawai yake yi, ya rufe da leda da ƙasa.

Bana ni na cika ramin. Yanka ya gajiyar da ni, na bar shi dogo-dogo. Takawa kuwa, wallahi ƙafata ta ƙi. Mu da aka daka tun muna yara kan tsallake hatsi! Na danna da hannu, na yi bismilla, na rufe.

Da na buɗe a Fabrairu, babu ƙanshin nan mai ɗan tsami irin na kindirmo, sai wari da fumfuna. Na tsinci mai dama-dama na ba ta. Tana ci, haƙarƙari na ƙara fitowa. Ƙwayar masara ma, yadda ta shiga haka nake ganinta a kashi.

Paulina maƙwabciyata, ma'aikaciyar dabbobi ce, ta ɗebo ta shinshina. Ta ce iska ce ta ɓata shi. Takawar ce ke korar iska, ciyawa ta yi tsami ta yi laushi, cikin saniya ya iya narkar da ita. Ta ce in aka ci gaba a haka, kafin Afrilu za ta kwanta.

Shekara ashirin ina yi wa bawan Allah faɗa kan abin da ya fi ni sani. Ina kewarsa, har dariyar da take ba ni haushi nake nema.

Na aika wa ƙanen Malam, Sabitu, ya zo ya kai ta ruga. Ran Laraba ya zo da igiya.

Ya ce, "Adda, ruwa na sauka zan dawo miki da ita."

Na ce to. Ta yi ta waiwaye har suka sha kwana. Na juyo cikin gida riƙe da kwanon dusar da na jiƙa mata, ban san wa zan ba ba.