Takwas da Takwas, Kwamfuta Ta Ce Takwas

Situdiyon hoton da Baba ya bar mana yana da Darakta, yana da Manaja, yana kuma da ni. Darakta babban yayanmu ne, Manaja mai bi masa, ni ce auta, kuma da aka zo rabon muƙamai sun ƙare kafin a iso kaina. Su ke rataya kyamara su tafi wajen taro, su sha gaisuwa, su ci abin da aka raba. Ni ina ɗakin baya, tsakanin firinta da kwalayen firem, ina gyara bidiyon da suka ɗauko a karkace a kan tsohuwar kwamfutar Baba.

Aiki ɗaya ne yake riƙe da shagon nan, bidiyon bikin yaye ɗalibai na wata babbar makaranta. Shugabar makarantar tun Baba na da rai take kawo mana, kuma bayan rasuwarsa kunyarsa ce ta hana ta dainawa, ba iyawarmu ba. Bara mun makara. Bana ta tsaya a bakin ƙofa, ko zama ba ta yi ba, ta ce in Asabar ta yi ba ta ga bidiyonta ba, to kunyar mamaci ta ƙare, ga wani situdiyo can a tsallaken titi.

Kwamfutar kuwa ta tsufa, tafiya take kamar mai ciwon gwiwa. Na ce musu a ƙara mata ram, wato ɗan siririn farantin nan da take ɗora aiki a kai yayin da take yinsa. Da gig ake auna girmansa, na Baba gig huɗu ne, ya yi kaɗan. A gabansu su biyu na faɗa, kuma wannan shi ne gangancin. Washegari Darakta ya shigo da gig takwas, kore, daga wajen mutuminsa na kasuwa. Bai gama baje kolin yadda ya zaɓo shi ba sai ga Manaja da nasa gig takwas ɗin, baƙi, daga wajen nasa mutumin. Ba wanda ya shawarci wani, don rabon da su shawarci juna tun suna rabon katifa.

Gurbi biyu ne a cikin injin. Aka cire na Baba aka jefa a durowa cikin matattun batura, kowa ya sa nasa da hannunsa, don ba mai yarda ɗan'uwansa ya taɓa masa kaya. Na kunna, na buɗe inda take faɗin abin da ke cikinta. Ta ce takwas.

Darakta ya ce in sake dubawa. Na sake, ta ce takwas. Ba ma a nan ta tsaya ba, da na buɗe bidiyon sai fuskarta ta yi shuɗi ta mutu. Na tayar da ita, ta ɗan taɓa aiki, ta sake mutuwa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Nan take Darakta ya gano bakin zaren: nasa kwamfutar ta gani, na Manaja jabu ne, dama shi tun yana yaro in aka aike shi sai ya sayo ruɓaɓɓe. Manaja ya ce ai kowa ya ga launin na Darakta ya san daga bola aka tsinto shi. Kwamfutar dai ba ta faɗi na wa ta gani ba, takwas kawai ta ce, ta bar su da halinsu.

Na yi abin da ake yi. Na zare wuta, na cire su duka biyu, na goge bakinsu da kilinar fensir, na hure gurbin, na mayar na danna har suka ce ƙas. Takwas. Na sauya musu gurbi. Takwas. Na shiga shafin farko na injin, wanda ake shiga kafin komai ya buɗe, shi ma takwas ya sani. Na duba ko an sa mata iyaka a saiti, babu. Duk wannan suna tsaye a kaina, wannan ta dama wancan ta hagu, kowa na gadin kayansa kamar kaza a kan ƙwai.

Abu ɗaya ya rage, kuma shi ne mafi sauƙi: a sa ɗaya shi kaɗai a kunna, a cire, a sa ɗayan. Mai lafiya zai nuna kansa, mara lafiya ma haka. Na faɗa musu haka. Darakta ya ce shi bai ga dalilin gwada abin da aka riga aka sani ba. Manaja ya ce yawan cirewa da sawa na lalata kaya. Mutanen da ba su taɓa yarda a kan ko ƙarfe nawa ba, yau ga bakinsu ya zo ɗaya.

Sai an san gidanmu za a gane. A gidanmu ba a neman mai laifi, dokar Umma ce. In kofi ya fashe muna yara, ba ta tambayar wa ya fasa. Ko ta zane su duka biyu, ko ta ƙyale su duka biyu, don kada wani ya ga an fifita wani. Ni kuma a miƙo mini tsintsiya in share. Da haka suka girma, ƙattai biyu masu gemu, ba a taɓa ce wa ɗayansu kai ne ba.

Kwanaki suka tafi a kan musu, ni ina kallon Asabar tana matsowa, raina na tafasa. Ran Alhamis na kulle ƙofar ɗakin baya da su a ciki, na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, wanda ya isa ya hana ni. Manaja ya buga wa Umma waya. Kafin ta iso na sa koren shi kaɗai: takwas, lafiya lau, bidiyo na gudu kamar ruwa. Darakta ya fara gyaran murya. Na cire na sa baƙin: takwas, lafiya lau, ko tuntuɓe babu. Kowannensu garau yake. Gudunsu ne ba ɗaya ba, kamfaninsu ba ɗaya ba, tsohon injin kuma ba zai iya ɗaukar su tare ba, sai ya manta da ɗaya ya riƙa faɗuwa da ɗayan.

Wallahi har na ji daɗi. Na ce to Alhamdulillahi, ba mai laifi, a bar mini guda ɗaya, kowanne ne, takwas ya ishe ni in gama kafin Asabar.

Na wa za a bari? Darakta ya ce babba babba ne. Manaja ya ce in aka cire nasa, gobe a kasuwa za a ji cewa kayansa ne aka ƙi. Ana cikin haka Umma ta shigo da jakarta a hammata, ta zauna a kujerata, ta saurari kowa ban da ni. Ta tambaya ko da gaske ba za su zauna tare ba. Na ce da gaske ne, Umma, amma ɗaya ya isa.

"To ba za a raba mini kan 'ya'ya a kan ɗan ƙarfe ba," in ji ta. "Ciro su duka ki ba ni."

Na ce, "Umma, in babu ko ɗaya ai ba za ta tashi ba."

"Da can da me take tashi?"

Ta naɗe su a hankici ta zuge jaka. Darakta da Manaja suka raka ta bakin titi, fuska sake, kowa ya tsira da mutuncinsa. Na ce zan nemo nawa, ko aro ne. Darakta ya juyo ya ce kada in kuskura, ƙanwa ba ta kawo abin da zai nuna gazawar yayyenta. Na tono na Baba daga cikin batura, na hure shi na sa. Kwamfutar ta tashi, ta ce huɗu. Ita kaɗai ce a gidanmu ke faɗin abin da ta gani.

Na yi iya yina, Allah ya sani. Amma Asabar ta yi bidiyo bai fi rabi ba, layin nan na ƙasa mai nuna ci gaban aiki yana jan ciki. Shugabar makaranta ta zo, ta tsaya ta kalle shi na ɗan lokaci, ta ce a juye mata hotunanta yadda aka ɗauko su. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi.

Tana fita suka juyo kaina su biyu. Darakta ya ce wa ya fara kawo maganar ram? Manaja ya ce wa ya nace sai an gwada? Da an bar kaya yadda suke da duk haka ba ta faru ba. Na kira Umma ina kuka don takaici, ta ce in yi haƙuri, ni ce ƙarama. Gidan da ba a neman mai laifi, ranar ba a sha wahalar samunsa ba.

Ni na kai wa Shugaba hotunan can situdiyon tsallaken titi da hannuna. Mai situdiyon ya buɗe rabin da na haɗa, ya kalla, ya tambayi wa ya yi, ya kuma tambaya ko zan ƙarasa shi a kan injinsu. Sha shida aka sa masa, sha shida yake gani. Na ƙarasa kafin la'asar, kuma ban koma shagonmu ba, nan na kama aiki.

Ta tagar nan ina hango shagon Baba. Darakta na zaune a dama da ƙofa, Manaja a hagu, suna jiran wanda zai kawo aiki da wanda zai yi shi. Ram ɗin nan biyu kuwa har yau suna jakar Umma, tare da katin asibiti da makullin sito, kuma ta ce tunda ta ajiye su ba su taɓa faɗa ba.