Wuƙar Bahago

Ranar Juma'a za a yi wa Talha sadakar mamaci. Baffa Mahmuda ne ya yanke haka. Shekara huɗu ke nan da Talha ya tafi haƙar zinare, ba waya, ba saƙo, abokan tafiyarsa kuma duk sun dawo, kowa da labarinsa daban. Inna kuwa sai ta sa aka auno gero.

Yayarsa Sakinatu, wadda ke koyarwa a wata firamare a Dutsin-Ma, ita aka ɗora wa sayen dabino da goro. A kasuwa, tana ratsa layin 'yan gwanjo, idonta ya faɗa kan wata 'yar wuƙa mai ninkewa, kwance tsakanin kwaɗuna marasa makulli da tsofaffin cazoji. Mariƙinta na ƙaho ne, baƙi da ratsin fari. Sai da ta wuce, ta dawo, ta sake wucewa, kafin ta iya durƙusawa.

"Malam, ina ka samo wannan?"

"Hajiya, kayan gwanjo ai ba su da dangi," in ji mai kayan. "Wani ya ba ni, shi ma wani ya ba shi. Ta wajen Zobe dai na ji. Ko Zamfara ce? Ɗaya daga ciki."

Ta saya ba ta yi ciniki ba. Washegari ta shiga motar Kurfi, amma maimakon ta zarce gida Rawayau, sai ta sauka a cikin Kurfi ta nufi maƙerar Baba Munzali, inda ta tuna Talha ya taɓa kai wuƙarsa gyara.

Ta tarar da tsohon yana daidaita bakin fartanya. Ta gaishe shi a tsugune, ta faɗi ko ɗiyar wa ce, sannan ta kwance bakin mayafinta ta miƙa masa wuƙar.

"Baba, so nake ka duba min. Ko aikinka ne."

Ya goge hannu a gaban rigarsa, ya auna nauyinta a tafinsa. Ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa a kusa da kunnensa.

"Ƙarfen ba namu ba ne. Na waje ne, mai kyau kuwa. Da akwai rubutu nan, wasawa ta cinye shi. Mariƙin asali roba ce, ta fashe aka sa ƙaho." Ya danna kawunan ƙusoshin da farce. "Tagulla uku, ta tsakiya ta fi girma. Ni ke yin haka."

Sakinatu ta yunƙura za ta miƙe.

"Kada ki yi sauri, ɗiyata. Irin wannan na yi sun fi ashirin. Akwai shekarar da samarin garin nan kowa sai ya kawo min ƙaho, har mahauta suka fara yi min gori wai na fi su cin saniya."

Ta yi ɗan murmushi don kada ya ji kunya. Ta sunkuyar da kai tana kallon tokar ƙasa.

"Na wa kike zato?"

"Ƙanena. Talha."

"Talha na Hawwa'u?" Tsohon ya ɗago kai. "Bahagon nan?"

A gidansu ba a kiran wannan kalma. Tun Talha yana rarrafe Inna ke buge masa hannun hagu duk lokacin da ya kai shi kwano. Da ya ƙi bari, ta ɗinka 'yar jaka tana ɗaure hannun a ciki lokacin cin abinci. Ya girma yana ci da dama, yana rubutu da dama, yana gaisawa da dama, har Inna kan ce Allah ya yaye masa.

"Ya daina tun yana ƙarami, Baba."

"A gabanku ya daina." Ya juya wuƙar ya nuna mata. "Kin ga wannan ɗan gurbin? Nan farce ke shiga a buɗe ta. Masu ƙera ta gefe ɗaya suka yi shi, don na dama. Yanzu duba bayanta."

A ɗaya gefen akwai wani gurbin, bai kai na farko kyau ba, an ci shi da magagari.

"Shi kaɗai ya taɓa roƙona wannan. Ya ce kada in faɗa wa Innarsa."

Sakinatu ta riƙe bakinta da mayafi. Tasa ce ke nan. Amma murnar ba ta zauna ba, don ta san Talha ko barci da wuƙar nan a aljihu yake yi. Mai rai zai rabu da ita?

"To Baba, in ta fito kasuwa, ai shi..."

"Dakata." Ya matsa bakin ƙofa inda haske ya fi, ya karkata kaifin. "Mai dama in ya wasa wuƙa, wannan gefen ya fi ci. Nan kuwa ɗayan ne ya kwanta. Kuma wasawar sabuwa ce, ko tsatsa ba ta hau ba. Bayan damina aka yi ta." Ya ɗauki tsinke ya sosa cikin mahaɗin. Wani ɗan zare kore ya fito, da ɓawon kifi guda, ƙarami kamar farcen jariri. "Zaren raga. Wannan ba ramin zinare take aiki ba."

"Zobe," in ji ta a hankali, tana tuna madatsar ruwan nan da masunta ke kamun kifi.

"Ban ce ba. Ruwa da yawa a duniya, bahagwai ma Allah ya yi su da yawa. Abin da zan iya rantsewa a kai biyu ne: ni na sa mariƙin nan don Talha, kuma hannun hagu ne ya wasa ta kwanan nan. Saura ban sani ba, ba kuwa zan yi miki ƙarya don ki ji daɗi ba."

A kan babur zuwa Rawayau ta yi ta juya maganar. In ta faɗa, ya zama ba shi ba ne, ta tayar wa Inna ciwon da ya fara kwanciya. In ta yi shiru, jibi a yi wa mai rai addu'ar matattu, wataƙila yana nan bakin ruwa, kunyar dawowa hannu wofi ta hana shi ƙarasowa.

Ta tarar da Inna a tsakar gida tana bakace geron gumba. Ta zauna kusa da ita, ta ajiye wuƙar a gefen faifai, ta faɗi duk abin da tsohon ya faɗa, har da abin da ya ce bai sani ba.

Inna ta dubi wuƙar. Ta ɗauka da dama, sai ta mayar da ita hagu. Ta laluba gurbin da babban yatsa, farcen ya zame. Ta sake, ya sake zamewa. A na uku wuƙar ta buɗe.

"Ashe bai daina ba," in ji ta. Ta ja faifai ta rufe kwaryar geron. "Tashi ki kira min Baffanki. Ki ce ya zo da mai babur da ya san hanyar Zobe."