Ramin Ƙasa

Illiya makanike yana kwance ƙarƙashin sabon kamiyon Alhaji Sule, babbar motar kaya, yana kallon ramuka biyu a jikin bwat, akwatin da ke canza gudun mota. Agogon zafin mai ya riga ya zauna gaban sitiyari. Saura bakin wayarsa, ɗan ƙarfen da ke jin zafin.

Ramin sama, inda ake zuba mai, aikin minti kaɗan ne. Na ƙasa kuwa sai an tsiyaye man kaf, amma nan ne ƙarfen ke nutsewa cikin mai ya faɗi gaskiya. Na sama iska kawai yake sha.

Illiya ya san haka tun watan jiya, ranar wata Juma'a da ya sa wa tsohon kamiyon irin agogon nan. Ladan ya kira salla, shi kuma ya sa farar riga, sai ya ɗaura a sama, ya ce gobe zai gyara. Goben ba ta zo ba. Bwat ɗin ya ƙone a hamadar Tenere, kan hanyar Bilma, Garba direba da fasinjojinsa suka kwana huɗu suna rabon ruwa da murfin buta kafin ayarin gishiri ya tsince su. Garba ya rantse allurar agogon ba ta motsa ba. Alhaji ya ce gyangyaɗi yake yi, ya kore shi.

Yau da safe Alhaji ya bar saƙo. "Ka sa shi inda ka sa wancan. Aikinka ba ya da laifi, direban ne sakarai."

Wasu ƙafafu masu faso suka tsaya gefen taya. Garba ne, taubashinsa, wanda a da ba ya shigowa garaji sai ya ce da shi bawana. Yau sallama kawai ya yi, ya tsuguna.

"Matata Tabawa ta ce in daina zaman gida kamar mai takaba. Akwai abin da zan riƙe maka?"

Kunya ta rufe Illiya har ya ji da ma kamiyon ya faɗo masa. In ya sa a sama, asirinsa a rufe, amma jibi Yahaya, sabon direban, zai shiga Tenere da agogon ƙarya. In ya sa a ƙasa, ga Garba da idanu.

"Miƙo kwanon can," in ji Illiya.

Ya kwance murfin ƙasa. Mai ya ɓalle baƙi ƙirin, Garba ya tara kwano da hannu biyu, yana kallo har ya koma ɗigo.

"Illiya," ya ce a hankali, "ranar da ka sa wa motata agogon, ban ga ka tsiyaye mai ba."

Illiya ya cusa ƙarfen a ramin, ya ɗaure shi tam. Bai iya duban fuskarsa ba.

"Ban tsiyaye ba. Aje kwanon, ɗan uwa, ka je ka kira mini Alhaji."

Garba bai tashi ba.

"Gyangyaɗi," ya ce. "Har ni kaina na fara yarda."