Gado Ɗaya, Majinyata Biyu

A ofishin, Uwar Ƙorafi suke ce mata, don aikinta shi ne gwada manhaja ta nemo aibi. Wannan karon manhajar rabon gadajen asibiti ce, wadda ke aiki da hannu biyu a lokaci guda, kowane hannu masu sana'ar na ce masa zare. In aka yi rashin sa'a, zaren farko ya leƙa ya ga gado babu kowa, kafin ya rubuta suna, zare na biyu ma ya leƙa, sai a ba mutum biyu gado ɗaya.

Gwajinta ya kama wannan, amma sau ɗaya cikin dubu. Da ya nuna ja, alamar aibi, sai Dogo, wanda ya rubuta wannan ɓangaren manhajar, ya sake danna shi ya koma kore, alamar lafiya, ya ce kwamfutarta ce ke zazzaɓi.

Manaja ya gaji. "Ki nuna min da idona kafin azahar, ko a goge gwajin nan. Gobe za mu miƙa aiki."

Sau ɗari uku ta kunna a gabansa, shegen ya yi lamo, kore shar kamar yaron da ya ga baƙo. Ranta ya ɓaci ƙwarai, don ta san akwai ranar da wata tsohuwa za ta tarar da ƙato a gadonta.

Sai ta daina jiran sa'a. Ta sa shinge a cikin gwajin: duk zaren da ya leƙa gado, ya tsaya sai ɗan'uwansa ma ya leƙa, sannan a sake su tare. Ta kunna sau goma, ja sau goma.

"Yallaɓai, ga majinyatanka nan biyu a gado na bakwai. Su yi ta haƙuri da juna," in ji ta.

Manaja ya cire tabarau. "A sa wa abin nan kwaɗo yanzu, zare ɗaya kawai ya riƙa shiga a lokaci guda!"

Bai faɗi wa zai sa ba. Dogo ya duba, ya ga ba wanda ya gyara, ya duƙufa. Abokin aikinsa Gajere ma ya duba, ya ga haka, ya duƙufa. Kowa ya ɗaura nasa kwaɗon, ba wanda ya ce wa wani uffan.

Ta sake kunnawa. Zare ɗaya ya riƙe kwaɗon Dogo yana jiran na Gajere, ɗayan ya riƙe na Gajere yana jiran na Dogo. Minti goma allon na juyi, ba ja ba kore.

"To, alhamdulillahi," in ji Manaja, "ai bai yi ja ba."

"Bai yi ba, Yallaɓai. Ɗazu mutum biyu ke samun gado ɗaya. Yanzu duk asibitin a tsaye za su kwana."