Tokar Gareji

Humu ta baro zangon Kumasi ta sauka garin Gaithersburg na Amurka a farkon shekarar 1986. Aikin da ta fara samu shi ne kula da wata tsohuwa 'yar Indiya mai suna Janaki, wadda mijinta ya rasu kafin zuwan Humu. Ƙafafun tsohuwar sun yi rauni, sai an tashe ta, an yi mata wanka, an shafa mata man kwakwa a kai. Ɗanta likita ne, in ya fita da safe sai yamma, matarsa ma haka. Daga Humu sai tsohuwa a gidan, suna lallaɓawa da guntun Turanci da nuni da hannu. Mama take kiranta.

Tun da sanyi ya wuce ake maganar tafiya. A kudancin Indiya akwai wani gari a gaɓar teku mai tsofaffin gidajen bauta na dutse, waɗanda aka sassaƙa tun kaka da kakanni, har gishirin teku ya cinye fuskokin gumakan. Can aka haifi mijin Janaki. Likita ya ce har da Humu za a tafi, don uwarsa ba ta yarda kowa ya taɓa jikinta sai ita.

Wata rana shinkafa ta kama a babbar tukunya. Humu ta dirza da sabulu da soson ƙarfe, ƙanzo ya ce yana nan. Ta shiga gareji neman abin kankara. A kan wata kantar ajiye kaya, bayan gwangwanayen fenti, ta ga wani ƙaramin tulu na jan ƙarfe, an ɗaure bakinsa da ƙyalle. Ta kwance. Toka ce fara mai tsakuwa-tsakuwa. Har daɗi ta ji, ta ce ashe mutanen nan ma sun san abin da muka sani. Ta ɗebi cikin hannu, ta goge tukunya ta fita fes, ta ɗauraye a famfo. Daga ranar duk abin da ya kama sai ta koma gareji. Har Janaki ta yaba mata, ta ce tun da aka sayi tukwanen nan ba su taɓa ƙyalli haka ba.

Ana gab da tafiya, Likita ya yi wanka, ya shiga gareji ba takalmi. Humu tana shanya ta ga ya sauko da tulun da hannu biyu, ya ɗora a goshinsa, yana naɗe shi da sabon farin ƙyalle. Ya ga tana kallonsa.

"Babana ne," ya ce. "Mu ƙone mamaci muke yi. Ba a shigar da tokar cikin gida, shi ya sa yake nan. Za mu kai shi teku a garinsu, gaban gidan bautar. Duka tafiyar saboda shi ce."

Bai buɗe ba. Ya mayar da shi kan kanta ya fita.

Humu ta zagaya bayan gida ta yi amai. Da aka ce mata mutumin ya rasu, kabari ta hango, da likkafani da ƙasa. Ba ta taɓa jin ana ajiye mutum kusa da fenti ba. Ta kalli hannunta na dama, wanda take cin abinci da shi, take alwala da shi. Ranar ruwa kawai ya shiga cikinta, shi ma da hagu ta riƙe kofin.

Ran Lahadi ta bi motoci har garin Clinton, wurin ƙanwar mahaifiyarta Bariatu, wadda ke gasa tsire a bayan gida tana sayar wa 'yan Ghana. Bariatu ta saurara, mafici a hannu.

"Ei, Humu! Kin wanke tukunya da mijin mutane?"

"Anti, don Allah ki rage murya."

"Wa zai ji? Turawan nan? To nawa kika ci daga cikinsa?"

"Ya kusa rabi."

"Innalillahi. Da kin ƙara wata ɗaya da kin gama da bawan Allah." Dariya ta kufce mata, sai ta ga fuskar Humu, ta haɗiye dariyar. "Tashi ki ɗauko rariya. Ga toka nan har ta yi mini yawa. A tankaɗe, ki cika musu tulunsu. Teku ba za ta tambaya ba."

"Ba haramun ba ne, Anti?"

"Haramun shi ne a kore ki, uwarki ta rasa kuɗin magani a Kumasi. Ke dai tun kina yarinya bakinki ba ya buɗewa sai inda bai kamata ba. Ki yi shiru, kin ji ni?"

Humu ta dawo da tokar a leda cikin jakarta. Washegari da gida ya yi tsit ta shiga gareji, ta warware farin ƙyallen, ta buɗe tulun. A saman tokar akwai wani ɗan farin abu kamar ɓawon gyaɗa, wanda a da ta ɗauka tsakuwa ce. Ƙashi ne. Ta buɗe ledar, ƙaurin kitsen shanu ya bugi hancinta. Mutanen da ko sunan naman shanu ba a ambata a gidansu, ita ce za ta gauraya ubansu da shi? Ta tsaya har ƙafarta ta yi sanyi a kan siminti. Sai ta rufe tulun, ta juye ledar a kwandon shara.

Janaki tana zaune bakin taga. Humu ta durƙusa a gabanta kamar yadda ake yi wa manya a gida. Turancin ya gudu ya bar ta. Ta ce gareji, ta ce toka, ta ce tukunya, ta yi alamar dirzawa da hannu. Sai da ta maimaita kafin tsohuwar ta gane.

Janaki ba ta yi ihu ba. Ta juya kai wajen kicin ta daɗe tana kallo.

"A ciki na ci abinci," ta ce.

"Mama, ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

"Na san ba ki sani ba." Ta janye ƙafarta daga inda Humu ta dafa. "Kada ɗana ya ji, ba zai iya ɗauka ba. Tafiya kuwa sai kin yi. Sauran mijina yana hannunki. Za ki shiga ruwan inda za mu zuba shi, ki wanke hannun nan a can. In mun dawo ki nemi wani gida."

Daga ranar surukarta ce ke dafa mata abinci. Wanka dai Humu ce, amma tsohuwar takan rufe ido har a gama.

Ranar tafiya motoci suka cushe a babbar hanyar da ta zagaye Washington. Matar Likita ce ke tuƙi, shi yana gefenta da tulun a cinya, Humu da Janaki suna baya. Can sai ya ɗaga tulun, ya jinjina shi a hannu.

"Kamar ya fi haka nauyi ranar da na karɓo shi," ya ce.

Janaki ba ta ɗauke ido daga taga ba.

"Babanka dama ba mai jiki ba ne," ta ce. "Riƙe shi da kyau."

Likita ya rungume tulun. Humu ta cusa hannunta na dama ƙarƙashin mayafi, ta bar shi a nan har suka isa filin jirgi.